Zobe a Kan Madanni

Kunnena ne ya fara kama Yaya, ba idona ba. A ɗakin da muke aiki akwai sababbin injuna masu ɗinke kan bel da zobe, kuma kowanne da irin kukansa. Na Yaya ya saba yin tsit na ɗan lokaci, sai ka ji tas, sannan allura ta shiga ɓarin baki. Ranar sai na ji tsit ɗin ya ƙara tsawo, tas ɗin kuma yana zuwa a firgice. Ni da ma Allah bai halicce ni da zama wuri ɗaya ba, ƙafata ba ta daina kaɗawa ko da ina cin abinci. Na ajiye almakashina na ɗaga wuya na leƙa.

Bari in faɗi yadda aikin yake, don wanda bai taɓa shiga kamfanin bel ba sai ya ɗauka a bishiya ake tsinko shi. Za ka ɗauki doguwar fatar ka zura mata zobe, wato ɗan madaurin nan da ake cusa wutsiyar bel a ciki in an ɗaura. Sai ka zura ƙarfen kan bel ɗin, ka lanƙwaso bakin fatar baya. Da can mutum ne yake zama gaban keken ɗinki ya ɗinke wannan lanƙwasar. Yanzu kuwa cusa ta kawai za ka yi cikin wani ɗan gurbi da hannu biyu, ka janye hannuwanka, ka danna madanni biyu lokaci guda, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Wani ƙarfe da muke kira muƙamuƙi ya faɗo ya danne fatar, allura ta yi aikinta, inji ya yanke zarensa da kansa. Da gangan aka raba madannan nesa da juna, don kada abin ya tashi alhali yatsan mutum na ciki. Ranar da aka kafa injunan, bakaniken kamfani ya sa guntun katako a ƙarƙashin muƙamuƙin ya danna don mu gani. Katakon ya fito kamar raken da aka tauna, kuma ba wanda ya sake tambayar dalili.

To, abin da na gani shi ne Yaya ya ɗauki zobe ɗaya daga kwandon da ke gefensa, ya zura shi a kan madannin dama, ya haɗe shi da ƙarfen da ke ƙasa, madannin ya zauna a danne. Hannunsa na hagu na kwance kusa da ɗaya madannin, ba ya komai. Da na dama shi kaɗai yake zura zobe, ya zura kai, ya lanƙwasa, ya ci gaba da riƙe lanƙwasar da yatsunsa a ƙarƙashin muƙamuƙin. Sai ya karkato kafaɗa ya sauke nauyinsa a kan hannun hagu, madanni ya danne, muƙamuƙi ya faɗo, shi kuma ya fizge yatsunsa. Tsakanin faɗowar ƙarfen da fizgewar, ko numfashi ba zai shiga ba.

Na tashi, na zauna, na sake tashi. Uwar Biyu, wadda muke teburi ɗaya da ita muna datse ragowar zare, ta ce ko kuɗin cizo ne a kujerata. Na ce mata fitsari nake ji, na fita na zagaya na dawo ban yi komai ba.

Yaya ne ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kawo ni kamfanin nan, kuma har yau da na aurar da 'ya, Auta yake kirana. Rabin mutanen ɗakin nan shi ya koya musu riƙe fata a gaban keke. Da injuna suka zo an yi ta raɗe-raɗin cewa tsofaffi za su koma gefe, sai ga shi ya riga matasa gane kan abin. Tun daga ranar tafiyarsa ma ta canza. Mutum ne da in ka ce masa takalminsa ya kwance, sai ya ce da sani ya bar shi haka.

Da aka tashi aiki ban bi ta gidana ba, na wuce gidansa. Na san yana tsayawa hira da masu gyaran agogo a bakin titi, don haka na riga shi. Na tarar da matarsa tana ninke wanki a tsakar gida. Ban ko gama gaisuwa ba na tambaye ta me ya sami hannun mijinta. Ta ce wane hannu, kamar yana da goma. Na tsare ta da ido har ta zauna a kan bokiti ta fara share hawaye da rigar da take ninkewa.

Ta ce kwanakin baya ya tashi da safe ya ji hannun ya yi nauyi, kofin shayi ya suɓuce masa. Sun je asibiti a ɓoye. Likita ya ce jini ne ya hau, Allah ya taƙaita abin a hannu, kuma in ya huta ya riƙa motsa shi yana iya dawowa a hankali. Yaya kuwa ya rantse mata cewa in maganar ta fita daga bakinta, to ta san sauran. Tsoronsa a ɗauke shi daga kan inji a kai shi sito ya riƙa manna takarda a kwali, inda ake ajiye waɗanda ake jin kunyar kora. Ita ce ke ɓalla masa maɓallan riga kowace safiya, shi kuma ya koma sa hannun a aljihu kamar wani babban ma'aikaci.

Na tambaye ta ko ta san yadda yake aiki da hannu ɗaya. Ta ce ya gaya mata injin ne ke yin komai, shi kallo kawai yake yi. Ban gaya mata gaskiya ba. Na taya ta ninke zannuwa biyu, na ninke su a karkace, ta karɓe ta ce in je gida.

Washegari da hutun rana na same shi a bayan ɗakin janareta, inda yake zama shi kaɗai tun kwanan nan. Ya ɗora kwanon abinci a cinya, hannun hagu na cikin aljihu. Na tsuguna na gaishe shi yadda ya kamata, don ko faɗa za ka yi da Yaya sai ka fara da ladabi.

"Yaya, na ga zoben."

"Kamfanin bel ne, Auta. In ba ki ga zobe ba ai sai a kai ki asibitin ido."

"Na kan madanni nake nufi. Kuma na san zancen hannun."

Ya daina tauna. Ya tambayi wa ya gaya mini, na ce idona. Ya ce to idon nawa ya koma kan zaren da aka ɗauke ni in datse. Na ce masa hannu ɗaya ya rage masa, in muƙamuƙi ya cinye shi da me zai ci abinci, da me zai yi tsarki. Ya ce tun ina tsumman goyo yake wasa da allura, ya san lokacin injin nan fiye da yadda na san hanyar gidana, kuma wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Na ce ai shi ma katakon nan bai yi gardama da kowa ba. Ya rufe kwanonsa.

"Ki ji da kyau. Ranar da kika buɗe baki a kan wannan, ki nemi wani yayan."

Na san halinsa, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Na dawo teburi raina a jagule, gaba kura baya sayaki. In na yi shiru hannun zai tafi, in na yi magana Yaya zai tafi.

Sai na ɓullo da dabara irin ta marasa dabara. Na riƙa sammako in riga kowa shiga, in cire zoben daga kan madanni in jefa a jakata. Yaya ya zo, ya dubi madannin, ya dube ni, ya miƙa hannu cikin kwando ya ɗauki wani. Ka ji wauta, wai ni ce zan ɓoye wa mutum zobe a gidan da ake auna zobe da buhu. Duk da haka ban daina ba. Jakata ta cika da zobba har jikata ta riƙa yin awarwaro da su. Shi kuma kowace safiya sai ya zaɓi wanda ya fi na jiya kauri, ya zura shi a hankali yana kallona.

Aikina ya lalace. Kowane tas na injinsa a ƙirjina yake sauka. In ya yi jinkiri in ɗaga kai, in ya yi sauri in ɗaga kai. Na datse bel mai kyau a maimakon zare, na yanki ɗan yatsana, na zubar da kwalbar man goge fata a cinyar Uwar Biyu. Ta ce ita dai ta ga ikon Allah, mace da jika tana rawar kai kamar budurwar da saurayi ya yi wa alkawari. Ta ce in ciwon ƙafa ne ta san mai magani, in kuma miji ne to sai haƙuri, don nata ma haka yake. Na yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. A gida ma haka, in ɗora tukunya in manta, in shiga ɗaki in rasa abin da ya kai ni. Maigidana ya ce in ba zan zauna ba, to in daina wucewa ta gaban talabijin.

Na gwada bakanike. Na same shi yana kwance ƙarƙashin wani inji, na yi ta kewaye-kewaye, na tambaye shi ko ana iya rage wa muƙamuƙi saurin faɗowa. Ya ce ana iya, amma sai Mai Usur ya sa hannu, kuma sai an faɗi dalili. Mai Usur shi ne mai duba aikinmu, usur ɗin na rataye a wuyansa ko ina, wasu sun ce da shi yake wanka. Bakaniken ya turo kansa waje ya tambaye ni injin wa nake nufi. Na ce tambaya ce kawai. Ya ce mai tambaya ba ya ɓata, amma mai irin wannan tambayar yawanci ya riga ya ga wani abu. Na bar wurin da sauri.

Ƙofar ofishin Mai Usur kuwa ta san ni a kwanakin nan. In je har in ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai in tuna Yaya yana goye da ni zuwa asibiti lokacin da na taka kwalba, in juya. Sau ɗaya ma ya buɗe ya same ni tsaye, na ce masa almakashina ne ya dakushe. Ya karɓa ya gwada a kan takarda, ya yanke ta sumul, ya miƙo mini yana kallona kamar mai taɓin hankali.

Ina cikin wannan kai-komo aka kawo sabon aiki, bel na masu gadi da masu aikin gini. Fatar mai kauri ce, ga taurin kai, in ka lanƙwasa ta ka saki sai ta miƙe ta koma yadda take. Masu hannu biyu ma sai sun danna ta da manyan yatsu biyu kafin ta zauna a gurbi. Tun da na ga an sauke ta a gefen injin Yaya na kasa ɗauke ido daga kansa.

Ya zura zobensa a madanni kamar kullum. Na farko ya wuce. Na biyu fatar ta zame masa, ya sake kamawa. Na lura yanzu ba da kan yatsu yake riƙewa ba, ya tura su ciki har gaɓa ta biyu, don in ba haka ba lanƙwasar ba ta tsayawa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga tun rana ba ta ɗaga ba. Ina riƙe da bel ɗaya a hannuna, ban datse ko zare ɗaya ba.

Sai na ji tas, na ga ya fizgo hannu ya kai baki. Ya duba gefe da gefe, ya goge yatsan a wando, ya ɗauki wata fatar. Daga inda nake na hango farcen yatsansa na tsakiya ya tsage, jini na tsattsafowa, kuma da wannan yatsan ya sake tura lanƙwasa ƙarƙashin muƙamuƙin.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ratsa tsakanin teburan da almakashi a hannu, na zo ta damansa, na zura bakin almakashin ƙarƙashin zoben na datse. Madannin ya yi tsalle ya dawo sama. Kafaɗarsa ta riga ta sauka a kan na hagu, amma injin bai motsa ba. Ya dube ni, ya miƙa hannu zai ɗauki wani zoben, na sure kwandon gaba ɗaya na rungume a ƙirji.

"Ajiye," in ji shi, ƙasa-ƙasa.

"Ba zan ajiye ba, Yaya."

"Auta, ni kike yi wa haka a gaban mutane?"

"Kai nake yi wa."

Na ƙara ƙanƙame kwandon. Injin da ke kusa ya tsaya, na gaba da shi ma ya tsaya. Ɗakin da ba a jin maganar juna sai an ɗaga murya ya yi shiru har ana jin fanka. Mai Usur ya taho yana tambayar wa ya mutu da aka tsayar da aiki. Ya ga ni da kwando, ya ga guntun zobe a ƙasa, bai gane komai ba. Ya ce in rigimar gida ce mu bari sai mun koma gida. Ya zaro zobe ɗaya daga kwandon da ke hannuna ya ajiye gaban Yaya, ya ce, "Baba, ci gaba da aikinka, kada ka biye mata."

Alkawarin da ban ɗauka ba ma na cika shi, bakina bai furta kalma ɗaya a kan hannun ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ni ce na kawo ruwan.

Yaya ya ɗauki fatar. Ya zura zoben, ya zura kan, ya lanƙwasa da hannu ɗaya ya cusa a gurbi. Da ya saki don ya kai hannu ga madanni, fatar ta miƙe. Ya sake lanƙwasawa, ta sake miƙewa. Mai Usur ya ce ya sa hannu biyu mana, ai wannan fatar ba ta jin lallashi. Kowa na kallo. Na ga Yaya ya dubi hannunsa na hagu kamar yana roƙonsa. Yatsun suka ɗan motsa, suka kwanta. Sai ya sa hannun dama ya kamo wuyan na hagu, ya ɗago shi ya ɗora a kan fatar. Hannun ya zame ya faɗo gefen teburi yana lilo.

Uwar Biyu ta yi salati a hankali. Bakanike, wanda ya zo ya tsaya a baya, ya sunkuya ya ɗauki guntun zoben da na datse, ya dubi madannin dama, ya dubi yatsan da ke jini, ya kawar da kai. Mai Usur ya cire hularsa ya sake sawa. Da ya yi magana muryarsa ta sauka, irin muryar da ake yi wa marar lafiya, kuma na san wannan ta fi zagi ciwo a wurin Yaya. Ya tambaye shi tun yaushe. Sannan ya ce ya taso su je ofis su zauna, kamfani ba zai yar da mutum irinsa ba, akwai aiki a sito wanda ba ya buƙatar wahala.

Yaya ya kashe injin da kansa. Ya share ɓurɓushin zare daga kan teburin da gefen hannu, ya gyara fatun da suka karkace, ya miƙe. Ya kai hannu baya zai kwance igiyar rigar aikin da ke ɗaure a ƙugunsa, ƙullin ya ƙi. Ya ja, ya ƙara ƙullewa. Mutum ne tsaye a tsakiyar waɗanda ya koya wa aiki, yana kokawa da igiya, kuma ba wanda ya iya matsowa.

Na ajiye kwandon na zagaya bayansa. Na kama ƙullin ke nan ya juyo, ya kama wuyan hannuna da hannunsa na dama ya cire shi daga jikinsa. Bai daka mini tsawa ba, bai ma dube ni ba. Ya kira bakanike ya ce, "Zo ka kwance mini, ɗana. Ba ni da kowa a nan."

Maganar ta shige ni har ƙashi, kuma na san ba a bakin leɓe ya faɗe ta ba. Na tsaya ina kallo aka kwance masa, ya bi bayan Mai Usur, aka rufe ƙofar ofis. Injuna suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na koma kujerata, Uwar Biyu ta turo mini almakashina.

Wuyan hannuna na zafi inda ya riƙe, don Yaya ko da tsufa riƙonsa ba wasa ba ne. Na juya hannun na duba. Shatin yatsunsa ya fito raɗau a fatata, da ɗan jini a wurin na tsakiya. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, duk biyar suna nan, ban tarar da gurbin ko ɗaya ba.